Zuwa ga Sambo, Bahagon Bakin Raga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Daga Arzika ɗan Noma, tsohon malamin makaranta a Dogon Dutsi, zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Sambo ɗan Buba, na rugar gabas da Dogon Kiriya. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji a inda kake kwance.

Bayan haka, ina sanar da kai cewa 'yarka Aisa ta zo ta same ni. Ita ta kawo mini labarin rasuwarka, wata uku bayan an rufe ka can ƙasar Kabi, inda shekarun fari suka kai ku. Tun kafin ta faɗi ko ita wace ce na gane goshinka a fuskarta. Ta ce ka sha gaya wa 'ya'yanka, duk wanda ƙafarsa ta taka Dogon Dutsi ya nemi wani malami Ba'are, ɗan ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, mai suna Arzika, ya sha ruwan gidansa.

Tana zaune ta ga hoton da ke jikin bangon ɗakina, yara biyu cikin fararen gajerun wanduna, kowa riƙe da raket. Ta tambaye ni su wane ne. Sambo, 'yarka ba ta gane ka ba. Ba ta san ka taɓa buga tanis ba. Abin da suka sani shi ne kana karanta wa mutanen ruga takardar malamin dabbobi, kuma kana jin Faransanci idan ka ga dama. Shi ya sa na zauna nake rubuta maka wannan a fili, domin ita da 'yan'uwanta da duk mai so ya karanta. Akwai kuma maganar da na daɗe ina riƙe da ita, wadda taka ce.

Ranar da na fara ganinka, gardi ne, dogarin Nasara, ya sauke ka daga bayan dokinsa a ƙofar lakwal, makarantar boko. Zamanin Nasara ne, kowane mai gari sai ya ba da yara a kai boko ko iyaye na so ko ba sa so. Kai an ɗauko ka kana tsakiyar kiwon maruƙa. Sandarka na hannunka, ka ƙi yarda a karɓe ta. Ba ka yi kuka ba, amma ka yi kwana uku ba ka buɗe baki ba.

Gidanmu aka ba ka masauki saboda muna kusa da makaranta. A rana ta uku Inna ta ajiye maka akushi, ta dube ka sama da ƙasa, ta ce, "Bahillace a gidan Ba'are? To, mun samu na aike." Sai a lokacin ka ɗaga kai. Ka ce, "Ni ban zo cin wakenku ba." Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ta fara ware maka nono a fura fiye da nawa, kuma ban daina yi mata ƙorafi ba har ta bar duniya.

A aji ka sha wuya, domin kai bahago ne. Malaminmu Lusiyen, mutumin Dahome, wanda muke kira Mushe irin kiran Faransawa, yana sauke maka rula a yatsu duk lokacin da ka ɗauki alli da hagu. Ka koyi rubutu da dama, irin rubutun da ni kaɗai nake iya karantawa.

Ka tuna filin bayan gidan kumandan, Baturen mulki? An daɓe shi da jar marmara, an ja masa layuka da farar ƙasa, ga raga a tsakiya. Babana na cikin waɗanda suka daɓe shi lokacin aikin tilas, tun ba a haife mu ba, kuma har ya rasu masussukar Nasara yake kiran wurin. Da la'asar kumandan da likita da babban akawu suke fitowa su buga. Mushe ya iya wasan tun ƙasarsu, shi suke kira idan sun rasa na huɗu.

Mu kuwa wata tsohuwar ƙwallo muka tsinta a cikin sabara, duk gashinta ya zube. Muka sassaƙe katako biyu, muka shiga dukanta a bangon makaranta. Wata rana Mushe ya tsaya bayanmu yana kallo. Mun ɗauka bulala ce ke tafe. Washegari ya zo da tsofaffin raket biyu a hammata. Da ya miƙa maka ɗaya, ka kai hannun dama saboda tsoro. Ya janye ta. Ya ce da Hausarsa mai karkata, "A nan, hagunka naka ne." Na ga yadda ka dubi hannun, kamar baƙon da ya dawo daga tafiya.

Shi ya roƙar mana izini a wajen likita. Aka ba mu filin ranar Alhamis da ba a zuwa lakwal, bayan azahar, lokacin da babu Baturen da zai fito rana. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ba mu da takalmi. Mukan zo da tulu mu riƙa zuba wa ƙafafunmu ruwa tsakanin wasa da wasa.

Wasan bibbiyu ya koya mana, mutum biyu nan, biyu can. Ɗaya ya tsaya kusa da raga yana tare ƙwallo tun tana sama, ɗaya ya tsare baya. Kai ka ɗauki bakin raga. Idon makiyayi gare ka, kafin mutum ya buga ka riga ka san inda ƙwallon za ta. Ni ba ni da wannan baiwa. Abin da nake da shi gudu ne da taurin kai, duk ƙwallon da ta wuce ka sai na bi ta na mayar. Mushe yakan ce, "Sambo ke kashewa, Arzika ke hana a mutu."

Kuma kana da kiranka. Idan za ka tsallaka gefena ka tare ƙwallo, sai ka ƙyasta harshe irin yadda kake kiran saniya. Da na ji, na san in ruga in rufe inda ka bari. Ba wanda ya koya mana wannan. Abokan karawarmu sun daɗe suna tsammanin wani abu ne ya maƙale maka a haƙori.

Lokacin da igiyoyin raket ɗinka suka tsinke, babu mai gyara a duk ƙasarmu ta Arewa. Muka taka da ƙafa har Matankari, wajen wani tsoho mai yi wa 'yan bori goge. Ya juya ta, ya taɓa igiya ɗaya da farce, ya kasa kunne. Ya ce, "Wannan gogen ba ya da murya. Wace iska ake kira da shi?" Duk da haka ya zauna ya saƙe ta da jijiya, ya ja ta tamau. Ta yi maka shekara biyu.

A shekararmu ta ƙarshe a lakwal aka shirya gasar yaran makarantu a Yamai, Mushe ya rubuta sunayenmu. Inna ta kai farin akoko wajen tela, ta ce ya yi wandunan da tsawo don muna girma. Muka hau saman motar gyaɗa, muka kwana biyu a hanya. Da muka hango kogi ka riƙe hannuna, ka ce ashe akwai ruwan da shanu ba za su iya shanyewa ba.

An yi mana dariya da muka shiga fili, wanduna har gwiwa, takalman aro sun fi ƙafa. Ana cikin wasan farko ka zauna ka cire naka, ka ajiye su gefen raga a jere. Daga nan dariyar ta ragu. Muka ci wasa biyu, muka kai na ƙarshe da 'ya'yan wasu Turawa biyu da suka girma da raket a hannu. Mun ja su har rana ta karkata. Ƙwallon da ta raba gardama ni ta zo wa, mai sauƙi, a tsakiyar fili, na buga ta cikin raga.

Na ɓuya bayan rumfa ina kuka. Ka zo ka tsuguna kusa da ni, ka ce, "Ɗaya ce ta shiga raga, Ba'are. Sauran duk ka mayar." Sannan ka ja ni wajen mai ɗaukar hoto. Idan Aisa ta duba da kyau za ta ga idanuna a kumbure, kai kuma ba takalmi.

Dukanmu mun ci jarrabawar sartafika, aka tura mu kwaleji a Yamai. Gadonka na kusa da nawa a ɗakin kwana. Lissafi ka fi ni, rubutun Faransanci na fi ka, muka riƙa rufa wa juna asiri. Abin da ya fi damunka rashin nono. Ran Lahadi kakan ja ni bakin kogi wajen matan Hillani masu talla, ba don saye kawai ba, don ka ji ana Fillanci. Ina tsaye gefe ina jiranka, kai kana tambayarsu lafiyar shanun da ba ka taɓa gani ba.

A kwaleji muka samu fili na gaske da malamin wasanni, wani Bafaranshe mai jan wuya da ke son tanis kamar ransa. Shi ya gyara mini bugun farko, wanda suke kira sarbis, ya koya maka dukan ƙwallo daga saman kai. Shekara uku muna karawa da 'yan sauran makarantu, da ma'aikata, har da sojoji, kuma da wuya a fitar da mu. 'Yan makaranta suka sa mana suna Hagu da Dama. Idan an ga ɗayanmu shi kaɗai a hanya sai a tambaye shi ina ya baro ɗaya hannun.

Hutun damina na shekara ta biyu na bi ka rugarku. Daga Dogon Kiriya muka shiga daji da ƙafa, gero ya fara bunni. Babanka Buba ya kama hannunka na hagu, ya shafa kantar da raket ta yi maka a tafi. Ya daɗe yana shafawa. Bai tambayi me ake karantawa a Yamai ba. Ya ce, "To, ba zaman banza kake ba." Ranar da zan tafi ya raka ni har bakin gonaki, ya ce, "Ba'are, ka riƙe mini shi." Na ce to.

Yanzu na zo kan maganar.

A shekara ta huɗu labari ya zo cewa 'yan kwalejojin ƙasashen da Faransa ke mulka za su haɗu a Dakar, kuma ƙasarmu za ta aika mutum biyu su buga wasan bibbiyu. Ba wanda ya yi shakkar su wa za su je. Har mun fara tambayar yadda ake zama cikin jirgin sama.

Malamin wasanni ya kira mu uku, ni da kai da Umaru, wani ɗan Damagaram da ke aji ɗaya da mu. Ya ce kai da Umaru za ku tafi. Ya faɗi dalilinsa a gabana bai ɓoye ba, ya ce a Dakar gudu kaɗai ba ya isa, ana son mai ƙarfin hannu a baya. Gaskiya ya faɗa. Umaru ya fi ni, na sani tun a lokacin. Kai kuwa ka ce, "Ba na wasa da wanda bai san kirana ba." Wuyan Bature ya ƙara ja. Ya ce ya ba ka kwana uku ka yi tunani.

A rana ta biyu, bayan abincin rana, ka same ni gindin dogon yaro kusa da fili. Ka zauna. Ka daɗe kana zane a ƙasa da tsinke. Sannan ka ce, "Ba'are, me ka gani?"

Na san amsar da ta dace. Tana bakina. In ce maka ka tafi, kwana biyu sun isa ka koya wa Umaru kiran, ka je ka ga teku ka dawo ka ba ni labari. Sai na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ke ɗaure. Na ce, "Kai ka sani."

Washegari ka je ka ce wa Bature a'a. Kuma Sambo, na ji daɗi. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Da ka fito daga ofishinsa ka girgiza mini kai, zuciyata ta yi fari kamar an ba ni kyauta. Ina tsoron ka je can ka ga cewa wasan ya fi maka sauƙi ba tare da ni ba.

Aka tura Umaru da wani. Ranar tafiyarsu muna fili muna buga wa juna, jirgin ya wuce ta samanmu. Ka bar ƙwallo ta wuce ka, ka ɗaga kai kana binsa da ido har ya shige gajimare. Ka ɗauka ban gani ba. Da ka juyo ka ce, "Baɗi mu biyu za mu je." Na ce in sha Allahu.

Baɗin bai zo ba. Kafin ruwan farko wani ɗan'uwanku ya iso makaranta da ƙafafu a kumbure. Babanka ya rasu, ciwo ya shiga garke, innarka na can da ƙannenka ƙanana. Saura wata ɗaya jarrabawa. Shugaban makaranta ya roƙe ka ka tsaya, ya ce wata ɗaya ne kawai. Ka ce masa shanu ba su san wata ɗaya ba. Ka mayar da raket wajen mai ajiyar kayan wasa, ka naɗe bargonka. Na raka ka tasha. Mota ta tashi kana zaune kan buhuna, ka ɗaga mini hagu.

Wasanmu na ƙarshe tare mun yi shi sati guda kafin nan, da wasu ma'aikatan gidan waya biyu. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko mun ci ko an ci mu, na kasa. Ba mu san na ƙarshe ba ne.

Na buga shekara ɗaya da Umaru a makarantar horon malamai. Mutumin kirki ne, kuma gwani. Amma kunnena na jiran harshenka. Sai ya tsallaka ban sani ba, mu haɗu a gefe ɗaya, ɗaya gefen a buɗe. Da shekara ta ƙare na ajiye raket, ban sake ɗauka ba.

Shekarar da ake shirin Nasara zai miƙa ƙasa, ina sabon malami a Tibiri, na je kasuwar Kore Mairuwa a kan keke. Ina tura shi ta kara sai na ji an ƙyasta harshe a bayana. Kafin in yi tunani na riga na yi tsalle gefe, har keken ya faɗi. Kana tsaye da malafa da sanda a kafaɗa, gemu ya fara fito maka, kana dariya har da hawaye. Ka ce wa mutanenka da Hausa don in ji, "Kun ga Ba'arena? Ya fi saniya jin kira."

Muka zauna inuwar gawo, ka sa aka dama mana fura. Ka ba ni labarin garken, yadda ya kusa ƙarewa, yadda ka tayar da shi daga 'yan karsana. Ƙannenka sun girma, ka yi aure. Na ga kantar hannunka ta koma ta sanda da guga. Na tattara ƙarfina na ce, Sambo, zancen Dakar. Ka ɗaga ludayi ka tare ni. Ka ce, "Har yanzu kana can baya kana gudu? Ina Inna?" Na bari ka sauya maganar. Na ji sauƙi da ka sauya ta, wannan ma laifina ne.

Mun sake haɗuwa bayan nan, amma kullum cikin mutane. Da Inna ta rasu ka taho da ƙafa daga inda kuke mashekari, ka iso ranar uku, ka zauna a zaure tare da mu kana karɓar gaisuwa. Wani baƙo ya tambayi ko kai wane ne, ka ce ɗanta. Daga baya fari ya zo, kuka yi kudu, kuka tsallaka iyaka. Na tambayi duk Bahillacen da na gani a kasuwa. Wani ya ce kuna wajen Kamba, wani ya ce kun wuce. Ina ta cewa idan na huta daga aiki zan nemo ka. Na huta, ƙafa ta ƙi.

Ban sani ba ko zuwa Dakar zai sauya maka wani abu. Da ka je da ba ka je ba, baban zai rasu, kuma za ka koma wa shanu, don na san ka. Amma da ka koma da teku a idonka. Da 'ya'yanka sun taso suna jin cewa ubansu ya taɓa tsayawa a gaban ƙasashe ya buga da hagunsa. Kai ka ba ni abin da ya fi girma a hannunka muna 'yan shekara goma sha bakwai, ni kuwa kalma ɗaya ka nema a bakina na hana ka. Ka yafe mini, ɗan'uwana. Na san da kana nan dariya za ka yi, ka ce Ba'are ya tsufa ya fara surutu. Ka yi dariyar, amma ka yafe.

Aisa ta kwana biyu a gidana. Matata ta dafa mata wake da gangan, ta cinye ba ta ce komai ba, ka ga tarbiyyarka ta lalace. Ta ce ka cika da la'asar, a inuwar bukkarka, bayan ka sa an kawo maka ruwa ka yi alwala, kuma ba ka sha wuya ba. Ta yi mini alkawari bayan girbi ɗanta zai zo da mota ya kai ni inda kake. Likita ya ce tafiyar ta yi mini nisa. Na ce masa na ji. Zan zo.

Allah Ya jiƙanka, Sambo. Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya yalwata shi, Ya haskaka shi. Ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya jiƙan Buba da innarka, Ya jiƙan Inna da Baba, Ya saka wa Mushe da alherin da ya yi mana. Ya albarkaci zuri'arka da dukiyar da ka bar musu a daji. Idan tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya ajiye ni kusa da kai.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ba'arenka,
Arzika